Ciki Ya Ƙoshi, Ido Bai Ci Ba

A gidanmu na unguwar Katako tatsuniya ba kyauta ba ce. Duk mai son ji sai ya zauna gindin murhu da reshen zogale a hannu, yana tsige ganye yana zubawa a kwando. Kaka ce ta kafa dokar, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Hannunka na tsayawa, bakinta ma ya tsaya, ko da kura ta kai ga wuyan akuya. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransawa ba.

A shekarar ne Yaya Sani, ɗan wan babanmu, ya zo daga Maraɗi karatun lise, wato sakandare. Ya kama ɗaki da abokansa, suka sayi resho, suka gano makaroni. Abinci ne mai saurin dahuwa, daidai aljihun ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko. Safe makaroni, dare makaroni, fari fat, daga mai sai gishiri. In ya zo gida ranar hutu aka miƙa masa kopto, kwaɗon ganyen nan da muka koya wurin maƙwabtanmu Zabarmawa, sai ya yatsina fuska ya ce shi ya wuce cin abincin awaki. Ni kuwa ina ƙarama, kallon minista nake yi masa.

Sai ya fara tuntuɓe. Da rana ras yake, amma rana na faɗuwa sai ya taka buta, ya yi karo da turmi, ya ce mu ne ba mu iya ajiye kaya ba. Mu dariya muke yi. Kaka ba ta yi ba. Ta san dundumi, makantar dare, in ta gan shi. Ta kuma san jarrabawarsa ta matso, ga shi duk bitarsa gindin fitilar titi yake yi da yamma, kamar sauran 'yan lakwal. In ido ya ƙi, karatu ya tafi ke nan, sai komawa Maraɗi da kunya. Amma Yaya Sani ba mutumin da ake gaya wa magana kai tsaye ba ne.

Wata Asabar bayan sallar isha ta kira shi bakin murhu, ta ɗora masa reshe a cinya.

"Ni ba tatsuniya na zo ji ba, Kaka."

"To toshe kunnenka, jikana. Hannunka nike so."

Ta gyara itace, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, muka ce ta iso. Wai Ciki da Ido 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya. Ciki mai baki ne. Da ya ji yunwa sai ƙugi da gunaguni, har maigida ya rasa sukuni ya cusa masa duk abin da ya samu. Da ya cika sai ya yi gyatsa ya ce, "Mun ƙoshi," maigida kuma ya ɗauka kowa ya ci. Ido kuwa mai kunya ne, bai iya roƙo ba. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba, ɗan ganye ne da 'yar tsokar hanta, amma ba a taɓa tambayarsa ba. Da abin ya ishe shi bai yi faɗa da kowa ba. Magariba na yi sai ya naɗe tabarmarsa ya fice, ya dawo da safe. Kullum yana ƙara saurin fita, yana ƙara jinkirin dawowa.

A nan na lura da hannun Yaya Sani. Yana tsigar ganyen da lalube, yana zubarwa a ƙasa, gefen kwando, bai sani ba. Na buɗe baki zan yi dariya, Kaka ta mintsine ni. Ta sa ƙafa ta tura kwandon a hankali har ƙarƙashin hannunsa, ba ta fasa magana ba. Tausayinsa ya kama ni a karon farko.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kaka, shi Idon, in an kira shi, yana dawowa?"

"In ba a bari ya yi nisa ba," in ji ta. "Ta ƙare. Ku miƙo kwandon."

Ba ta hana shi makaroninsa ba. Cewa ta yi baƙo ne, kuma ba a barin baƙo ya shiga tukunya shi kaɗai. Ta ƙulle masa busasshen zogale a tsumma, da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa, ranar Juma'a kuma ta riƙa gasa masa 'yar hanta. Kafin jarrabawa ya daina faɗa da turmi. Ya ci jarrabawar, ya zama malamin lakwal, kuma har ya koma ga Allah ban ga ya ci farar taliya ba.

Da daɗewa na ɗauka labarin abinci ne kawai. Sai da na riƙe gida na ga cewa ko'ina akwai Ciki akwai Ido. Mai hayaniya ake fara sallama, mai shiru kuwa sai ya fara naɗe tabarma ake tunawa da shi, in ma an tuna.

Yanzu jikata Hadiza tana jami'a, can ƙetaren gulbi, tana rayuwa a kan taliyar ledar nan mai dahuwa kafin ka wanke hannu. Na ce ta rage garin ɗanɗanon da ke ciki don gishirinsa ya yi yawa, ta fasa ƙwai, ta yanka albasa da karas, ta barbaɗa zogalen da nake shanya mata. Tana cewa to, amma "to" ɗin fatar baki ce, halinta ɗaya da Yaya Sani. Jiya ta kira ni, na tambaye ta abinci.

"Na ƙoshi, Kaka, wallahi."

Na ce, "Wannan Ciki ne ya amsa. Ido fa, ya ci?"