Shekara Tara Bayan Yaya Kyari, An Sayar da Ƙungiyarsa

Bana shekara tara ke nan da muka raka Yaya Kyari makwancinsa a Gaya. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa ba. Ban taɓa rubuta komai a kansa a jarida ba, don shi kansa ba ya son a riƙa ambatonsa. Wannan karon na ɗauki alƙalami ne saboda na rasa inda zan kai kukana. Mutanen da ke da kaso mafi tsoka a Zakarun Gabas, ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ya kafa, sun sayar da hannun jarinsu, kuma wanda ya saya ba ƙungiyar yake so ba.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Kyari wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanninmu daga Borno suka zo, suka zauna a Gaya suna noma da fatauci. Ni na yi karatu na zama malamin firamare, shi kuma ya gaji Baba a harkar hatsi. Ranar kasuwar Ajingi, kafin rana ta yi zafi yana can tsakiyar buhunan gyaɗa da dawa, hula a ƙeya, yana ciniki yana dariya. Bai taɓa buga ƙwallo ba. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami, don haka a bakin fili ya yi ƙuruciyarsa, yana ihu har muryarsa ta dishe. Amma abin ya shiga jininsa fiye da masu bugawar.

Da ya ɗan samu, sai ya tattaro samarin Gaya da na Ajingi da ƙauyukan da ke tsakani, ya ɗinka musu riguna kore da fari bayan wata kaka da gyaɗa ta yi kyau. A motar da yake ɗaukar hatsi yake kai su wasa, suna zaune a kan buhuna suna waƙa. Mutane suka ce Kyari ya zautu, Baba ma sai da ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Haka suka yi ta hawa, daga gasar ƙaramar hukuma zuwa ta jiha, har ranar da suka samu shiga rukunin ƙwararru na ƙasa. Ranar nan har mutanen Kademi, maƙwabtanmu, a kan babura suka zo, uku uku, huɗu huɗu, mata suna guɗa daga cikin gidaje. Yaya kuwa ya zauna a ƙasa a tsakiyar fili ya rufe fuska da hularsa, ya ƙi tashi.

Sai dai wasan ƙwararru ba wasan unguwa ba ne. Akwai albashin 'yan wasa, akwai tafiya jihohi masu nisa, ga masauki, ga likita. Gyaɗa ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Shi ya sa ya nemo Alhaji Sule, wani ɗan kwangila a Kano wanda mahaifiyarsa 'yar Ajingi ce, shi kuma ya jawo abokansa biyu. Suka zuba kuɗi, suka karɓi kaso mafi yawa, Yaya ya riƙe ɗan kaɗan. Na tuna na ce masa, "Yaya, ranar da suka gaji fa?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukar, ranar da suka gaji ai ina nan." Kakar wasa biyu bayan haka ciwon ƙoda ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Labarin sayarwar a makaranta ya same ni, lokacin tara. Sunusi ne, mai tsaron ragar ƙungiyar, ya zo ya tsaya a bakin ajina yana haki kamar an koro shi. Matarsa ba ta jima da haihuwa ba, ni na raɗa wa jaririn suna.

"Malam, da gaske an sayar da mu?"

Na ce masa ba a sayar da mutane, ya kwantar da hankalinsa. Ashe ya fi ni sanin abin da ake ciki. Wani attajiri ne daga wata jiha mai nisa yake neman gurbi a rukunin ƙwararru, ba ya son ya fara daga ƙasa kamar yadda muka fara. Gurbinmu kawai yake saye. Zai ɗauke ƙungiyar ya kai garinsu, ya canja mata suna da riga, ya zuba 'yan wasansa. Namu kuwa da an gama kakar wasa kowa ya san inda dare ya yi masa.

Washegari na shiga motar Kano na sami Alhaji Sule a ofishinsa. Na tafi da fushi, na tarar da dattijon da ya rame. Ya bar ni na faɗi duk abin da ke bakina, sannan ya ce, "Malam Bukar, tun rasuwar Kyari nake riƙe da yaran nan, ba don ina samun komai ba. Babu kamfanin da ya yarda ya sa sunansa a rigarmu. Ranar wasa masu haura katanga sun fi masu sayen tikiti yawa. Ni ma yau kwangilar ba ta tafiya, abokaina kuma sun ce sun gaji. Ka kawo mini mutum ɗaya daga Gaya ko Ajingi da zai karɓa, wallahi zan yi masa rangwame, in ba wancan mai sayen haƙuri."

Ya ba ni wa'adi in nemo mai karɓa, na fito. Gaskiya ya faɗa.

Daga nan na shiga yawo. Na bi rumfunan 'yan hatsi a Ajingi ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka ci abinci kwano ɗaya da Yaya. Wani ya ce taki ya cinye masa jari. Wani ya buɗe mini sito ya nuna mini rabinsa wayam. Wani tsohon amininsa ya riƙe hannuna ya yi hawaye, ya ba ni kuɗin mota. Na je wajen 'yan siyasa, na yini a kan benci, aka ce mai gida ya fita ta baya. Akwai wani mai hali a cikinsu da na koyar a aji huɗu, na durƙusa a gabansa, ni da furfurata, ya ce in tashi don Allah, za a duba. Har yau ana dubawa. 'Yan a-daidaita-sahu na tashar Gaya ne kawai suka yi karo-karo suka kawo mini a leda. Abin da ke ciki ko tayar motar ƙungiya ba zai saya ba. Na mayar musu, na yi godiya, na koma gida na rufe ɗaki.

Wa'adin da Alhaji Sule ya ba ni ya cika. Suka sa hannu.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Yaya yana raye me zai yi? Ba na jin zai zagi Alhaji Sule. Na san halinsa, da kansa zai je ya yi masa godiyar shekarun da ya yi yana ɗauke da nauyin. Mu zai juyo wa. Zai tambaye mu yadda aka yi gidajen kallo suke cika maƙil, samari suna biyan kuɗi suna faɗa da juna a kan ƙungiyoyin Turai da ba su san akwai wani gari wai shi Gaya ba, alhali ga ƙannensu suna wasa a bayan gari babu mai tafa musu. Zai tambaye ni, ni da na gaji kujerarsa a zaman masu jari, me na yi a shekara tara ban da zuwa in sha lemo in dawo. Sannan na san ba zai tsaya jin amsa ba. Zai ja ƙafarsa ya fita, ya sami wata hanya da ni ban gani ba. Wannan ne ke hana ni sukuni: ina ji a jikina akwai hanyar, amma wanda ya iya ganinta yana ƙarƙashin ƙasa.

Yaran sun fara watsewa tun kafin a kai ƙarshen kakar wasa. Mai sayen ya zaɓi biyu ya ce zai gwada su. Wasu sun koma gona, wasu acaɓa. Ɗaya na ji an ce ya kama hanyar Agadas, uwarsa ta zo gidana tana tambayata ko ina da lambarsa. Sunusi ya zo ya yi mini sallama, ya ce zai bi wasu abokansa wajen haƙar zinare. Na ce masa ramukan nan suna rufta wa mutane. Ya ce, "Na sani, Malam. To jaririn me zai sha?" Na raka shi har tasha, ban iya hana shi ba.

Saura ɗan kason Yaya, wanda ya zama gadon iyalinsa. Lauyan mai sayen ya aiko yana so ya haɗa da shi. Na tara magada a gidan Hajiya Falmata, matar marigayin, na yi musu bayani: ko mu sayar, ko mu zama masu ɗigon jari a wata ƙungiya da ba za mu taɓa ganin filinta ba. Hajiya, wadda a iya sanina ba ta taɓa sa baki a maganar ƙwallo ba sai dai ta yi ƙorafin wankin riguna, ita ce ta yi magana.

"Bukar, a sayar. Na yara a ba su abinsu, haƙƙinsu ne. Amma tumunin takabata ba na so. Ka kai a sake yi wa yaran nan rajista, ko daga ina ne ake farawa."

Na ce mata, "Hajiya, ba zai biya albashin ko mutum ɗaya ba. Rajista ce kawai da 'yan ƙwallaye."

Ta ce, "To a sayi ƙwallayen."

Haka aka yi. Mun koma can ƙasa, gasar ƙaramar hukuma, ba suna, don sunan ma ya tafi cikin cinikin. Ba mota, ba albashi, ba likita. Ni kuma ba Kyari ba ne. Ban iya ciniki ba, ban iya sa mutum ya yarda da abin da bai gani ba, kuma ritaya ta kusa. Idan wani ɗan Gaya ko Ajingi da Allah ya hore wa yana karanta wannan, ba sadaka nake roƙo ba. Ya zo ya karɓi abin gaba ɗaya daga hannuna, ya sa sunan da ya ga dama, ni dai ya bar shi a nan.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi atisayen farko. Waɗanda suka zo ba su kai a raba gida biyu cikakku ba. Can gefen fili wata a-daidaita-sahu ta tsaya, labule a sake. Da na matsa sai na ga Hajiya ce. Ta ɗaga labulen kaɗan, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wane ne wancan tsohon da ke tsaye a raga. Na ce Koci Ɗanladi ne, mai horar da su tun zamanin Yaya. Ba mu da gola, shi ya sa ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga, da gwiwoyinsa masu ciwo. Muna kallo aka buga masa ɗaya, ya faɗi, ƙwallo ta wuce. Ya daɗe kafin ya miƙe. Da ya miƙe sai ya kakkaɓe jikinsa ya daka musu tsawa su sake bugowa.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Kyari bayan shekara tara, iyakarsa ke nan. Ban sani ba ko zai kai baɗi. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka. Mu kuma da ka bari a bakin fili, Allah ya dube mu.