Kuɗin Intanet da Ajinmu na Bayan Masallaci

Shekarun baya, cikin wata damina mai nauyi, irin wadda ruwa ke yini yana zuba har lambatun Adjamé, unguwarmu a Abidjan, su cika su tumbatsa, ajinmu na yaƙi da jahilci ya kusa mutuwa. Shekara ce mai sanyin jiki. Wanki ba ya bushewa, kasuwa ba ta ci, kowa ka taɓa sai ya ce maka sai haƙuri.

Ɗan ɗaki ne a bayan masallacin unguwarmu, wajen Saint-Michel, dattawan masallaci suka ara wa mata. Malamarmu na koya mana karatu da rubutun boko, da ɗan Faransancin da za mu gane takardar asibiti. Da farko mun cika shi. Sai wayoyi suka zo da saƙon murya. Mata suka ce me za a yi da wahalar biro, alhali kina danna waya ki yi magana a ji ki har Kano da Maraɗi? Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, muka rage 'yan tsiraru. Dattawa suka aiko cewa idan damina ta wuce ba mu ƙaru ba, za su ba wani ɗan kasuwa hayar ɗakin ya zuba buhunan shinkafa. Ban ga laifinsu ba, rufin masallaci na yoyo. Amma abin ya tsaya mini a rai, don a ɗakin nan na fara rubuta sunana da hannuna, ina da 'ya'ya har da mai aure.

Ana haka ɗiyata ta zo gaishe mu daga Treichville, inda take aure. A nan Abidjan aka haife ta, Hausarta ba ta fita sai da gishirin Faransanci.

"Maman, kin san yanzu ana biyan mutum in ya yi rubutu?"

Na ce, "Wa zai biya ni? Ni da layina ke hawa tudu ya gangara?"

"A waya ba a ganin karkacewar hannu, Maman."

Ta nuna mini wani shafi. Ka rubuta abin da kake so, waɗanda ya burge su danna alamar so, sai masu shafin su ba ka kirifto, wato kuɗin intanet, gwargwadon yawan masu dannawa. Murya ba ta shiga, sai rubutu. Ni dai da sunan ya yi mini nauyi a baki, sai na sa masa wuri, irin kuɗin kakanni, sunan kuma ya bi shi a unguwa.

Rubutuna na farko a kan yadda ake miyar kuka da busasshen kifin nan ƙasar ne. Tun azahar nake dangwala yatsa, har la'asar ta wuce, tuwona ya kama. Da na aika sai na kifa wayar don kunya. Ashe mutanen da ban taɓa gani ba suna can suna amsawa. Wata daga nesa ta ce ta gwada, mijinta ya yi ƙari. Na karanta wannan da kaina, na sake karantawa, ina murmushi ni kaɗai kamar amarya.

Da wurin ya ɗan taru, na hau bas na haye gada zuwa Treichville, ɗiyata ta kai ni shagon wani mutum da ke canza shi zuwa sefa, kuɗin nan ƙasar. Ya miƙo mini kuɗi na gaske, masu ƙamshin kasuwa. Ban kai su gida ba. Na sayi aceke, wato dambun rogon nan ƙasar, da soyayyen kifi na kai aji, na ce, "Bismillah, rubutu ne ya saya."

Kafin sati ya zagayo ɗakin ya cika, har bakin ƙofa ake tsugunawa. Malama ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Har maƙwabciyata mai soya aloko, wato ayabar agada, ta zo, wadda ta sha gaya mini cewa biro na marasa sana'a ne. Tana shiga ta ce, "Malama, ni ba dogon karatu ya kawo ni ba. Koya mini na kuɗin kawai."

Abin da ta iya ɗauka shi ne "Madalla, Allah ya ƙara." Shi take liƙawa a ƙarƙashin rubutun kowa, don a danna mata ita ma. Mu duka mun mai da abin kamar biki: ki danna mini yau, in danna miki gobe, ko kin karanta ko ba ki karanta ba. Ni ma da nake ganin kaina mai natsuwa, akwai ranar da na rubuta barka da safiya, da barka da hantsi, da barka da rana, na zauna ina jiran lada.

Maigidana ɗan goro ne a babbar kasuwa, ba mai yawan magana ba. Wata safiya yana shan shayi ya ce, "Wai wannan wurin naku, in kun kai wa mai shagon, shi wa yake sayar wa?"

Na ce, "Masu so, Alhaji."

"Su yi me da shi?"

"Su ajiye har ya yi tsada."

"Sannan su sayar wa wa?"

Na ce, "Alhaji, shayinka zai huce."

Ya yi dariya ya ce goro ko ya yi kwantai, a ƙarshe akwai bakin da zai tauna shi. Maganar ta bi ni har aji.

Sai ranar da aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata 'yar ajinmu ta rubuta yadda ambaliya ta shiga ɗakinta, katifa ta jiƙe, garin tuwo ya lalace. Kafin kowa ya ce sannu, maƙwabciyata ta sauke nata: Madalla, Allah ya ƙara.

Washegari a aji mai ɗakin ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta nufi maƙwabciyata. "Ke! Ni kike wa fatan ƙarin ambaliya? Me na tare miki?"

"Wace ambaliya kuma?"

"Ba ki karanta ba?"

"Yaya, wallahi na ga rubutun da tsawo, na ɗauka haihuwa aka yi!"

Malama ta juya fuskarta ga allo, kafaɗunta na rawa. Mu kuwa muka zube. Mai faɗan ma ta kasa riƙe fushinta, ta zauna tana share hawayen dariya. Da yamma muka je muka taya ta shanya kaya, maƙwabciyata na gaba da kwanon aloko na ban haƙuri.

Daga nan wuri ya fara ramewa. Masu rubutu sun yi yawa, ba a unguwarmu kaɗai ba, ko'ina. Abin da ake rabawa ya zama kamar ƙosai ɗaya a gidan suna. Zuwana na ƙarshe Treichville, mai shagon ya dubi wayata ya ce, "Hajiya, kowa kawowa yake, babu mai ɗauka." Abin da ya ba ni ko kuɗin bas ɗin komawa bai kai ba. Ɗiyata ta riƙe hannuna tana ta "pardon, Maman, pardon." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni yatsa na zuba, ban zuba jari ba. Wata a cikinmu ce ta sa kuɗin adashinta ta sayi wurin don ta ajiye, ita kam ta ji jiki, sai da muka haɗa mata ɗan abin da ya samu.

Abin da ya dame ni shi ne aji. Damina ta wuce, dattawa sun sa ranar da za su zo su gani. Ranar na tafi ina cewa a raina kuɗi ne ya kawo su, kuɗi ya tafi.

Ina karya kwana na ji hayaniya. Ba su kai na lokacin wuri ba, gaskiya, amma bencinan ba su ishe mu ba. Maƙwabciyata na zaune a sahun farko.

Na ce, "Ke ma? Ai na kuɗin ya ƙare."

Ta ce, "Kuɗi ya tafi, kunya ta zauna. Ba zan sake yi wa mutum barka a kan masifa ba."

Wata amarya a gefenta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni kuma, Inna, saƙon murya duk tsakar gida ke ji. Rubutu kuwa daga ni sai maigidana."

Ana cikin shewa babban dattijon ya yi sallama. Ya leƙa, ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya gyara hularsa ya ce, "To, Malama, shinkafa sai ta nemi wani masauki."

Har yau in yara suka zo mini da labarin sabon shafi mai biya, ba na hana su, ba na kuma yi musu dariya, don ni ma na ci kifinsa. Tambayar Alhaji kawai nake yi musu: a ƙarshe wa zai tauna? Abin da na gani da idona shi ne, in duk gidan haya suka koma soya aloko, mai saye ne zai yi wuya. Kyautar da ke jiran sabon shiga kafin ta biya tsohon shiga, ranarta gajera ce. Amma ban riƙe shi da mugunta ba. Ya zo kamar baƙon da bai daɗe ba, ya tafi ya bar mu da abin da bai ma san ya kawo ba.

Washegarin ranar da dattijon ya zo, da sassafe, na kira mai amalanke na ɗora masa dogon bencin ƙofar ɗakinmu. Alhaji ya fito da kofin shayi da burodi a hannu, ya duba nan, ya duba can.

"Ina bencina?"

Na shimfiɗa masa tabarma, na ce, "Yi haƙuri, Alhaji. Ya shiga makaranta."