Doña Teódula, mai ɗaukar laifin baƙinta

Kafin rana ta leƙo kan duwatsu, Doña Teódula ta riga ta tsaya a bakin dandalin birnin Oaxaca tana duba ƙafafun mutane. Takalmi take fara kallo kafin fuska. Wanda ya zo da silifas sai ta girgiza kai, ta zaro masa wani tsohon takalmi daga ƙarƙashin kujera ta ce ya saka, ko ya so ko ya ƙi. Daga nan ta zuba su a ƙaramar bas ɗinta ta kamo hanyar ƙauyenmu, San Cirilo. Ta fara kai su wurin masaƙa su ga yadda ake rina ulu, ta kawo su rumfata su ci wainar masara da baƙar miya da soyayyar fara, ta wuce da su bayan gida inda mijina Filemón yake dafa barasar mezkal, sannan ta hau da su dutse su sha iska. Kafin rana ta faɗi ta mayar da kowa inda ta ɗauko shi.

Amma kafin duk wannan akwai sarƙa. A bakin ƙauyenmu sarƙa ce a gicciye kan hanya, da dogarin gari a zaune kusa da ita. A nan take kashe mota ta waiwayo.

"Daga nan zuwa ciki ku baƙina ne," in ji ta kullum. "Ba a ɗaukar hoton kowa sai an tambaye shi. Ba a tsinkar ko ciyawa. In an miƙo muku ƙoƙo, ku karɓa da hannu biyu, ku ɗiga wa ƙasa kaɗan kafin ku kai baki. Wanda ba ya sha ya ce ba ya sha, ba laifi ba ne. Amma kada in ga an yatsine fuska."

Baƙi suna dariya, suna zaton raha take yi. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi a wurin nan.

Sunana Amparo. Teódula ce ta riƙe 'yata ranar baftisma, saboda haka komadre muke kiran juna, mijina kuma take ce masa kompadre. Wanda zai ce son kai ne ya sa ni wannan rubutu, ya je ya ce. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba zan yarda ta tafi shiru kamar wadda ta zo sayar da tumatir ba.

Dattawanmu ba su taɓa son baƙi ba. Lokacin da Teódula ta fara neman izini, ita da ba 'yar garin ba, sai da aka tsayar da ita a gaban taron gari. Don Anacleto, wanda dajin gari yake hannunsa, ya tambaye ta wa zai amsa in baƙonta ya yi ɓarna. Ta ce duk abin da baƙonta ya ɓata, a ɗauka hannunta ne ya ɓata. A kan wannan magana kaɗai aka sauke mata sarƙa. Tun daga ranar masaƙa suka daina kai dardumansu birni a saye su a wulaƙance, rumfata ta samu hayaƙi, kuma 'ya'yanmu da yawa suka fasa tafiya arewa neman aiki. Duk da haka kowa ya san taro ɗaya ya isa a rufe hanyar har abada. Ƙauyen da ke bayanmu sun rufe tasu, har yau ba su buɗe ba.

Ranar da nake son ba ku labari, ina wanke tukwane na ji ƙararrawar coci. Ba bugun salla ba ne, bugu ne da sauri-sauri, irin wanda ake yi in gobara ta tashi. Na fito da kumfa a hannu na bi mutane a guje.

Motar Teódula tana tsaye a bakin sarƙa, an sa wa sarƙar kwaɗo. Maza sun kewaye motar, wasu da adda a hannu domin daga gona suka taho. A kan goshin motar an shimfiɗa kan magey, tsiron da ake yin mezkal da shi, da furanninsa rawaya, an karya shi ta tsakiya. Jan ƙyallen da aka ɗaura masa yana nan a jiki.

Magey na daji sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, bayan ya haura shekara goma, ya zubar da iri ya mutu. A shekarun baya masu sayen barasa sun sa mun kusa share dutsen nan tas. Da muka farga, taro ya zaɓi 'yan kaɗan da suka rage aka ɗaura musu jan ƙyalle, aka ce waɗannan iyaye ne, ko mai gonar da ke kusa bai isa ya taɓa su ba. A waccan shekarar wannan ne ya fi kowanne lafiya. Maza har hawa suke yi da yamma don su dube shi kawai.

Wanda ya karya shi wani baƙo ne mai farar hula, daga babban birni. Suna saukowa daga dutse ya ce zai zaga, ya koma baya ya lanƙwaso karan ya ɓalle kansa, ya naɗe a rigar sanyi, wai zai ba matarsa mamaki. Casilda mai kiwon awaki ta gan shi, ta bi ta gajeriyar hanya ta riga su isa gari.

"A fito da shi!" Muryar mijina ce na ji a gaba, kuma ban taɓa jin ta haka ba. "A fito da shi ya gaya mana ko ubansa ne ya shuka!"

Wani ya buga wa motar tafin hannu. A ciki wata mata ta fashe da kuka. Mai farar hula ya sauke gilashi kaɗan, ya zuro jakar kuɗinsa ta kafar.

"Haba jama'a, fure ne fa! Ku faɗi abin da kuke so in biya mu wuce."

Da ma ya yi shiru. Mutane suka matso gaba ɗaya, motar ta fara girgiza. A nan ne Teódula ta buɗe ƙofarta ta sauko. Ta kulle motar, ta damƙe makullin a hannu, ta jingina bayanta da ƙofar baƙi.

"Wanda zai taɓa ƙofar nan sai ya fara ɗauke ni," ta ce. "Kuma ina gargaɗinku, na yi nauyi. Girkin Amparo nake ci."

Babu wanda ya yi dariya.

"Komadre, matsa," in ji Filemón.

"Kompadre, sauke addar nan. Yara suna kallonka."

"Na ce ki matsa!"

"Na ji ka. Kunnena ƙalau."

Mijina ne a gefe guda, uwar ɗakin 'yata a ɗaya gefen, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Sai mutane suka dare, Don Anacleto ya iso da sandarsa. Ya daɗe yana kallon furen kafin ya ɗago.

"Doña Teódula, kin san doka. Wanda ya taɓa mai jan ƙyalle, a ɗakin kulle zai kwana, gobe taro ya yanke masa hukunci. Buɗe motar."

Duk wanda yake wurin ya san inda maganar za ta ƙare. In aka kulle mutumin birni, kafin gari ya waye motocin 'yan sanda sun cika hanya, a yi cacar baki ko ma fiye da haka, sannan taro ya ce baƙi sun ishe mu. In kuma aka sake shi ya tafi salin-alin, taro zai ce dokarmu ta zama abin wasa, a rufe hanya. Ta ko'ina rufewa ce. Na dubi masaƙa mata da suka yi cirko-cirko a gefe, na ga su ma lissafin da suke yi ke nan.

"Ni na karya shi," in ji Teódula.

"Kada ki raina mana hankali. Casilda ta gan shi da idonta."

"Hannunsa ta gani. Wa ya kawo hannun garin nan? Don Anacleto, kai da bakinka ka tambaye ni a gaban taro, ni kuma na ba ka amsa. Ko tsufa ya sa ka manta?"

Ba a yi wa Don Anacleto irin wannan magana. Na ga gemunsa yana motsi.

"Ban manta ba," ya ce a hankali. "Na ɗauka magana ce irin ta mai neman izini."

"To yau ga ranar gwada ta."

"Ke ba 'yar garin nan ba ce. Ba ki da gona a nan, ba kya cikin masu aikin gayya. Da me za mu hukunta ki?"

"Ku sa ni a ciki. Ɗakin kulle kuma na san hanya, ba sai an raka ni ba."

"Su waɗannan fa? Wa zai mayar da su?"

Sai ta yi abin da har yau in na tuna nake riƙe baki. Ta kama hannun Filemón da babu adda a cikinsa, ta danna masa makullin motar a tafi.

"Kai ka taɓa tuƙa babbar mota. Baƙina ne, yanzu sun zama amanarka. Ka sauke kowa a ƙofar masaukinsa, har da mai hular. In ko ƙwarzane ya same shi, kunyarka ce, ba tawa ba."

Filemón ya dubi makullin, ya dube ta, ya dube ni. Ya miƙo min addar, ya shiga ya tayar da mota. Daga baya ya gaya min har suka isa birni babu wanda ya yi ko tari, mai farar hula kuwa yana sauka ya shige masauki ko waiwaye bai yi ba.

Ita kuma ta taka da ƙafarta har ƙarƙashin ofishin gari inda ɗakin kulle yake, ta shiga ta zauna a kan benci. Da na kai mata bargo da abinci, kuka ya ƙwace min.

"Ke, share fuskarki," ta ce. "Gishiri ya yi wa miyar nan kaɗan, shi ya kamata ki yi wa kuka."

Washegari aka yi taro. Masu son a rufe hanya suka yi magana, kuma ba ƙarya suka faɗa ba: irin shekara guda ya tafi, babu abin da zai dawo da shi. Da aka ba ta dama, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ba roƙon yafiya ya kawo ta ba, ta zo ne a gaya mata aikinta. Aka ɗaga hannu. Na rufe ido, domin ban iya kallo ba, sai da na ji Casilda ta matse min hannu sannan na buɗe. Da ƙyar aka rinjaya. Hanya za ta zauna a buɗe, ita kuma za ta yi gayya a dutse har damina ta wuce, tana hawa da dashen magey tana dasawa.

Ta yi. Duk ranar da ba ta da baƙi, tana nan da kwando a baya tare da mazan da suka kewaye motarta. Wata rana bayan an ɗauke ruwa, santsin dutse ya kwashe ta, ta faɗi a kan gwiwa. Don Anacleto da kansa ya ce ya isa haka, ta koma gida. Ta ɗaure gwiwar da mayafinta ta ce damina ba ta wuce ba tukuna. Gwiwar nan ba ta sake komawa daidai ba. Shekaru ta yi tana hawa da baƙi tana dogara sanda, tana ce musu ado ne. Bana likita ya ce ko matakalar coci ta daina hawa. Wannan shi ne dalilin ajiye aikin, ko da yake ita cewa take yi ta gaji da surutun baƙi.

Ke ce, Teódula, uwar baƙi mai magana ɗaya. Ke ce kika biya da ƙafarki laifin mutumin da ko sunanki ba na jin ya riƙe. Duk dardumar da ta fita daga garin nan, duk tukunyar da na ɗora, duk yaron da ya zauna kusa da uwarsa maimakon ya bi hanyar arewa, da hannunki a ciki. Mun gode, komadre. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sassauta miki ciwon.

Wata mai zuwa taro zai zauna a kan ko za a ba wani izini a bayanta, kuma gaskiya ina jin tsoro. Ku masu yawo da baƙi da kuke ta aiko da gaisuwa kuna nuna mana sababbin motoci, ba mota za a duba ba. Tambayar da aka yi mata ita za a yi muku, kuma yanzu garin nan ya san yadda amsa ta gaskiya take kama. Wanda ya san ba zai iya saukowa ya jingina bayansa da ƙofa ba, don Allah ya bar mana hanyarmu, kada ya zo ya jawo a rufe ta.

Magey ɗin da ta dasa suna nan a kan dutse, sun yi faɗi, amma da sauransu kafin su yi fure. Ba za ta iya hawa ta gan su ba. Jiya Filemón ya ce mata ranar da na farko ya fitar da kara, shi zai goya ta a bayansa har can sama. Na zaci za ta mayar masa da baƙar magana kamar yadda ta saba. Sai ta shafa gwiwar, ta ce, "To, kompadre. Zan jira."