Sada, Wanda Ya Hana Tsatsa Cin Ƙofarmu

Shekara talatin da ɗoriya, kullum da hantsi Sada maƙeri kan sauke kaskon garwashinsa a gindin ƙofar ganuwa da ke kusa da majema a Birnin Kudu. Ƙyauren na katako ne, an ɗaure shi da faffaɗan ƙarfe da ƙusoshi. Ga tururin ruwan jima, ga danshin marina, ƙarfe ba ya damina biyu a wurin tsatsa ba ta cinye shi ba. Sada kan kankare shi da yashi, ya gasa, ya shafe da man kaɗanya da kakin zuma har ya yi baƙi wuluk. Inda shafen ya ɓantare, ko kamar ƙwayar gero ne, sai ya sake. Da kaka ya taka har Gwaram ya yi wa tasu ƙofar.

Ladansa? Sunan ba'a, wai mai yi wa ƙofa kwalliya.

Sarkin ƙofa na lokacin ya taɓa tare shi a bainar jama'a.

"Sada, man miya kake ɓarnatarwa a kan ƙarfe?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ma yana ciwo, kuka ne dai ba ya yi."

Aka yanke masa man da ake ba shi don aikin. Matarsa Kulu ta shiga daji tsintar kaɗanya, tana haɗa masa da hannunta.

Shekarar da mahara suka gangaro daga duwatsu, Inna Safiyatu na cikin matan da suka shigo a guje daga rijiya, aka datse ƙofar a bayansu. Tana raye, ku tambaye ta. Ta ce, "Tun hantsi suke sara da gatura har azahar. Katako ya tsage, ƙarfen ko gezau. Da goyo a bayana nake jin kowane sara."

Washegari maroƙa suka wasa sarkin ƙofa, aka ba shi riga. Sada kuwa aike aka yi masa ya zo ya gyara inda gatari ya kankare. Ransa ya ɓaci, amma ya ɗauki kaskonsa ya zo.

Yau hayaƙi ya sa idonsa ya dushe, tafukansa duk tabon ƙuna. An ce masa ya je ya huta, kuma babu wanda ya leƙa gidansa. Wane irin gari ne mu?

Baba Sada, kai ne garkuwar garkuwarmu. Guminka muka ci, muka yi maka dariya. Mun gode, ka yafe mana, Allah ya saka maka. Ku kuma maƙeran garin nan, ku je ku durƙusa ya koya muku tun yana da bakin faɗa. Damina saura wata biyu, ƙusoshin ƙasan ƙyauren sun fara yin ja da tsatsa.