Na goge atamfa, na bar zuciya a yamutse

Safiyar Lahadi ina ƙofar gida, na sha atamfar da na goge tun jiya, ɗaurin ɗankwali ya zauna daram, sai ga akuyar maƙwabciyata Hajiya Falmata tana ƙarasa zogalen da na yi wata uku ina ba ruwa. Duk wanda ya san wahalar ruwa a Gure ya san zafin abin.

Da takalmin zuwa majami'a na jefi akuyar. Hajiya ta fito tana ba ni haƙuri, na wuce ta fuu zan ɗauko takalmina, ko gaisuwa babu. Kuma wai ni ce mai ba da waƙa a sujadar ranar.

Sai na ji muryarta a bayana.

"Maman Ishaya, wurin Allah za ki haka?"

"Majami'a za ni, Hajiya."

"To. Ni dai ko na yi alwala, in raina yana tafasa, nakan ɗan zauna tukuna. Atamfar ta yi kyau, amma Wanda za ki gabansa ba ita zai duba ba."

Ni da nake koya wa zumuntar matan majami'armu shirya zuciya, yau ga ni ana yi mini karatu a bakin zaure, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na dawo na zauna a tabarmarta, na gaishe ta, na nemi gafara. Na makara, wata ta ba da waƙar, kuma sama ba ta faɗo ba. Ranar ce na ji kalmomin waƙar da na shekara ina rerawa.

Ku fa, me kuka fi gogewa kafin sujada?