Bangon da Kawu Ke Goge Buroshi

Warin fenti ne ya dawo mini da Kawu, ranar da muka buɗe shagonsa na zane a Akurba a matsayin gidan tarihi. In ya gama zana jikin mota, yakan goge buroshi a bangon bayan ƙofa, ya ce, "Bango ma ya ci rabonsa." Na taɓa jingina a wurin, rigata ta kwashi shuɗi, ya yi ta dariya.

Kafin buɗewar, mai tsara mana tambari ya ce farin bango zai fi fito da allon suna. Na yarda, aka shafe shi da farin fenti.

Ranar buɗewar, wata tsohuwa mai sayar da doya, wadda ta san Kawu, ta leƙa bayan ƙofa. "Ɗana, ina bangon?"

Na sunkuyar da kai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shafe kurakuransa tas, yadda na shafe bangon nan.