Ɗebo wa Habboba Ruwa a Madatsar Aswan

Talata: Alƙahira zuwa Aswan

Mun fita daga unguwarmu Hadayek el-Maadi da ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, ni da Kawu Idris, yayan Ummata. Habboba, kakarmu, ita ta aike mu. A tsohuwar Halfa ta Sudan aka haife ta, babanta yana dako a bakin jirgin ruwa, kuma can aka binne mahaifiyarta kafin tafkin madatsa ya shanye garin. Tun da idonta ya mutu take cewa a ɗebo mata ruwan da ke kan kabarin ta shafa a fuska. Kawu gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa aka haɗa shi da ni.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu tashar Ramsis. Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe takwas, tafiyar kusan kilomita ɗari tara. A Asyut 'yan sanda suka shigo duba takardu, na miƙa katina na gudun hijira, aka duba aka ba ni. Muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi.

Bayan Sohag na tambayi Kawu wa ya gina madatsar. Shi tsohon malamin makaranta ne, sai ya gyara zama.

"Rigimar Amurka da Rasha ce ta gina ta, Nafisa. Tun da Rashawa suka kifar da sarkinsu, gwamnati ta karɓe gonaki da masana'antu, wato gurguzu, 'yan jari-hujja suka tsorata kada abin ya iso gidansu. Su da Rasha sun haɗu sun yaƙi Jamus, ana gamawa suka raba Turai biyu, kowa ya shiga neman 'yan koransa. Amurka ta yi wa Masar alkawarin kuɗin madatsa, da ta ga Masar ta sayi makamai a wancan ɓangaren sai ta janye. Rasha ta ce ga ni."

"To mu kuma fa?"

"Mu? Wa ya tambayi ɗan dako?"

Mun sauka a gidan wani abokinsa kusa da kasuwar Aswan.

Laraba: Madatsa

Ƙarfe tara muka hau tasi, minti ashirin da biyar muka isa. Direban ya nuna mana dogon ginin abotar Masar da Rasha, mai kama da fure, ya ce, "Yalla, ku je, amma ku kalla daga sama kawai." Na ji shi, amma ban ɗauka doka ba ce. A wurinmu in an ga kogi gangarawa ake yi. Na tsallake wani gajeren shinge da gorata, na fara sauka kan duwatsu.

Ban yi taku goma ba na ji ƙarar gyara bindiga a bayana. Na san wannan ƙarar tun Hartum. Na tsaya cak, gorar ta faɗi tana gangarawa. Soja ya sauko ya ɗauke ta, ya kora ni gaba.

A ofis hafsansu ya karɓi katina da wayata. Ya ce wurin na soja ne, kuma baƙon da aka kama a irinsa mota ce ke kai shi bakin iyaka. Iyaka kuwa Sudan ke nan, inda muka baro gidanmu babu ƙofa. Kawu ya shigo yana ɗingishi.

"Ya basha, ma'alish, a yi haƙuri. Aiken tsohuwa ne. Uwarta tana ƙarƙashin ruwan nan naku."

"Ba abin da za ta zuba a cikin ruwan?" in ji hafsan.

"Gorar ga ta nan, ranka ya daɗe, busasshiya. Yarinyar nan ko gishiri ba ta iya zubawa daidai ba."

Hafsan bai yi dariya ba. Ya shinshina gorar, ya bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya, ya buga waya sau biyu. Awa uku muna kan benci. Da azahar ya turo min katin da wayar a kan tebur ya ce, "Halas, an gama. Kada in sake ganinki a Aswan." Gorar ya riƙe ta.

Alhamis: Komawa

Jirgin safe muka bi. Kawu ya saya min shayi a Luksor. Ya ce mu cika wata gorar a famfo, ai duk ruwan Alƙahira daga tafkin yake. Na ce ba zan iya yi mata ƙarya ba.

Da muka shiga gida na durƙusa na faɗa mata komai. Ta daɗe tana lalube fuskata da yatsunta.

"Manya sun yi faɗansu sun nutsar min da uwa, ba wanda ya zo ta'aziyya," in ji ta. "Ba zan ƙara musu da jika ba. Na janye aiken. Tashi ki ci abinci."

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na laluba katina. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Kawu da gwiwarsa.